Muryar da ke Tallan Sabulu

Ranar da Baffa Tanko ya kore ni daga zaurensu, sai da ya fara ba ni fura. Haka mutanen Sheshe suke, ba sa korar mutum da ƙishirwa.

Na sha, na yi hamdala, na ajiye ludayi. Sannan ya gyara zama.

"Malam Mikail, sana'arka dai gyaran rediyo ce da ɗaukar kaset, ko?"

"Ita ce, Baffa."

"To muryar 'yarmu da ka ɗauka ka kai talabijin, ita ma cikin gyaran ne?"

Na buɗe baki, babu abin da ya fito sai gyatsar fura.

Lokacin wata biyu ke nan da soja suka koma bariki. Gari ya cika da sababbin kansiloli da sababbin tallace-tallace, kowa yana sayar da wani abu. A cikin tallan da ake yi kafin labarun yamma akwai na wani sabulun jarirai, wai shi Ɗan Gata. Ana nuna hannun mace tana yi wa jariri wanka, a bayan hoton kuma wata murya tana rera baiti biyu kacal:

Kurciya mai zuwa gabas,
In kin je ki duba mini shi.

Me ya haɗa kurciya da sabulu, Allah masani. Amma waƙar ta shiga gari. Masu dakan fura suna rera ta, 'yan acaɓa suna yin ta da fito. A rana sai mutum biyar su zo shagona a Zaitawa suna neman kaset ɗinta, in ce ban san mai ita ba, su ce ina ɓoyewa.

Gida ɗaya ne a duk birni ba a tambayi mai waƙar ba: gidan marigayi Malam Umair, gidan su Aminat, wadda nake neman aurenta. Karin waƙar nasu ne. Kakarta, Hajiya 'Yardada, ita ke gunjin sa a hanci in tana tankaɗe, ba kalma ko ɗaya, kuma a wurinta Aminat ta ɗauka. Muryar da ke tallan kuwa, ni kaina ranar da na fara jin ta sai da sukundireba ta faɗi daga hannuna. Muryar Aminat ce sak.

"Baffa, wallahi ban taɓa ɗaukar muryarta ba," na ce.

"Kar ka yi rantsuwa a zauren malamai. Karin nan bai taɓa fita gidan nan ba. Namiji ɗaya ne yake zuwa zance wurinta da rakoda a rataye a kafaɗa kamar jakar wanzami."

Wannan gaskiya ne. Ni ne. Matata ta farko ma da za ta tafi, abin da ta gaya wa alƙali shi ne na fi hira da rediyo a kan mutane. Alƙali ya dube ni ya tambayi ko ina da ja, na ce ba ni da shi.

"Tun da ƙanina ya rasu, amanar Aminat a wuyana take," Baffa ya ci gaba. "Mijinta ya rasu, ta yi takabarta, ta koma koyarwarta, ba wanda ya taɓa jin kanta. Yau a majalisa ana cewa jikar Malam Umair ta zama zabiya. Ba don Alhaji Sabo ya zo ya ankarar da ni ba, da ni ne na ƙarshen ji."

Alhaji Sabo. Sabon kansilanmu, wanda tun da aka rantsar da shi ƙafarsa ba ta sake taka ƙasa ba sai tsakanin mota da tabarma. Shekara guda yana neman Aminat tana ce masa tana makin jarrabawa.

"Ya ce duk da abin da ya faru, shi zai rufa mana asiri. Ranar Asabar bayan la'asar zai zo da manyansa da goronsu." Baffa ya miƙe, ya kakkaɓe riga. "Kai kuma, Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Ka gaida gida."

Ranar Litinin ce. Na fito na manta takalmina ƙafa ɗaya, sai da na dawo na yi sallama na ɗauka.

* * *

Washegari da hantsi ina zaune ina kallon cikin wata rediyo ba tare da na ga komai ba, sai na ji sallamarta.

Tana tsaye a bakin shago cikin farin mayafi, rungume da rediyon makarantarsu.

"Malam Mikail, hedimasta ya ce a duba ta."

Na karɓa na kunna. Ta kama tasha tangaram.

"Malama, lafiyarta lau."

"Na sani. To ka kwance ta ka ɗaure, ina da minti ashirin."

Na ba ta benci, na fara kwance abin da bai lalace ba. Idanunta sun kumbura.

"Ka gaya mini tsakaninka da Allah," ta ce. "Ranar nan da ka zo zance ka ajiye rakodarka a gefen tabarma, na shiga ɗebo maka ruwa ina 'yar waƙata..."

"A kashe take."

"Ka tabbata?"

"Ko batir babu a cikinta. Don kwarjini nake rataya ta."

Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya ta koma kuka. Ta ja bakin mayafi ta rufe fuska.

"Ni kaina na fara zargin kaina. In aka sa tallan, sai in ji kamar ni ce a cikin akwatin. Amma wallahi ban san baitin nan ba. Kurciyar nan ban taɓa jin ta ba sai a talabijin. Na gaya wa Baffa, ya ce ai mai waƙa ba ya rasa baiti. A makaranta yara suna ganina sai su fara fito. Jiya wata uwa ta zo ta ce a canza wa 'yarta aji."

"Hajiya fa? Me ta ce?"

"Tun da aka fara maganar nan ba ta ce uffan ba. Ta daina tankaɗe. Abinci ma sai an yi da gaske." Ta share ido. "Malam Mikail, ni ba yarinya ba ce, ba wanda zai ɗaura mini aure da Sabo ban ce to ba. Baffa ma ya sani. Amma ba zan auri wanda Baffa yake ganin ya ci amanar gidansa ba. Shi ya riƙe ni. In na tsallake shi na zo gidanka, kullum da wannan tabon za mu kwana."

"To ya kike so a yi?"

"Kai ne mai rediyo. Duk garin nan ana tambayar mai waƙar nan. Ka nemo ta."

"Kafin Asabar?"

"In aka raba goron nan a unguwa, ko na ce a'a, Baffa ne zai ji kunya. Ba na so in zaɓa tsakanin kunyarsa da kai." Ta dube ni sosai. "Don ban san wanda zan zaɓa ba."

Na ɗaure rediyon na miƙa mata. Sai bayan ta tafi na ga sukurori biyu sun rage a kan tebur. Rediyon da ta shigo da lafiyarta ta fita da ciwo.

* * *

Da yamma na kafa rakoda a gaban talabijin ɗin maƙwabcina, na ɗauki tallan. Laraba tun safe nake maimaita shi. Daƙiƙa talatin, in mayar, daƙiƙa talatin, in mayar. Telan da ke kusa da ni ya leƙo ya ce in dai soyayya ce haka, shi ya gode Allah da aka yi masa auren gida.

Ba wuta ranar, da batir nake aiki, kuma batiran nawa irin waɗanda ake shanyawa a rana ne don su ƙara kwana. Wajen azahar suka fara mutuwa. Kowa ya san yadda kaset ke yi in batir ya yi sanyi: zare ya riƙa jan ƙafa, murya ta yi nauyi. Na miƙa hannu zan kashe, sai na tsaya.

Fiyanon da ke bayan waƙar ya koma kamar kukan saniya. Amma muryar ba ta lalace ba. Gyaruwa ma ta yi. Numfashin da ke tsakanin baitocin ya zauna daidai yadda mutum ke numfashi. Kuma ba muryar mace 'yar shekara talatin ba ce. Ta manyanta, da ɗan kaushi a ƙasanta.

Wato wanda ya haɗa tallan gudu ya ƙara wa zaren. Ya ɗauki muryar babbar mace ya matse ta ta shiga daƙiƙa talatin, ta fito yarinya.

Shekara ashirin ina zagin mataccen batir. Ranar na nemi gafararsa.

Alhamis na tafi gidan talabijin. Akwai wani da muka koyi gyara tare, shi ke kula da na'urorinsu. Ya duba jikin kaset ɗin bidiyon da aka kawo tallan a ciki, ya karanta mini sunan wanda ya haɗa: Ɗantani, bayan kasuwar Ƙofar Ruwa.

Na same shi a wani ɗaki da aka manna wa kwalayen ƙwai a bango. Mutum ne siriri mai baƙin tabarau a cikin duhu. Da na ambaci waƙar sai ya tashi tsaye.

"Kai lauya ne?"

"Na yi kama da lauya?"

Ya dubi takalmina ya zauna.

"To ni ban san mai ita ba. Kowa tambayata yake. Har wani mai fim ya zo da mota yana so in haɗa shi da yarinyar. Wace yarinya? Ni ma tsintar ta na yi."

"A ina?"

Ya ƙi faɗa. Na lura na'urar haɗa sautinsa tana wani tsaki a gefen hagu. Na ce ya ba ni wuri. Minti arba'in na yi a kanta, tsakin ya ɗauke, bakinsa ya buɗe.

"Bara na sayi rediyon mota a nan kasuwa, wurin masu ɓare tsofaffin motoci. Daga wata Fijo aka ciro ta. Na zo gida na tarar da kaset ya maƙale a ciki. Gaban kaset ɗin gaishe-gaishe ne kawai, irin saƙon da ake aika wa mutanen Makka a da. Har zan ɗauki wani abu a kai, sai na ce bari in juya bayansa."

Ya jawo wani kwali ya tono shi. Tsohon kaset, takardar jikinsa ta yi ja. Ya saka ya danna.

Muryar namiji ta fito, da kukan zakara a bayanta: "Assalamu alaikum. Daga Sheshe, gidan Malam Umair, zuwa ga yayanmu Tanko a Makka. Muna nan lafiya. Soja sun ba farar hula mulki, ma ga yadda za ta kaya..."

Sai na tuna da tsohuwar Fijon da Baffa ya sayar. Mahaifin Aminat ne, shekara ashirin da suka wuce, a wancan karon da aka miƙa mulki. Bayansa mutanen gida suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa da gaisuwarsa da saƙon turare ko carbi. Can aka ce, "Hajiya, zo ki yi magana." Shiru. Wata ta yi dariya ta ce, "Kun san ba za ta zo ba." Namijin ya ce, "To, saƙo ya ƙare, wassalam." Daga nan sai shuuu.

Ɗantani ya juya kaset ɗin.

Aka ji motsi, aka ji an rufe ƙofa. Wata mace ta yi raɗa: "Jan nan za ki danna, Hajiya. Na fita." Sai numfashi. Sannan muryar, ba fiyano, ba gudu:

Kurciya mai zuwa gabas,
In kin je ki duba mini shi.
Ba na kiran sunansa,
Za ki gane shi da tabon garwashi a dunduniya.
Ki ce ya riƙa cin abinci,
Ki ce ba ni na aiko ki ba.

Duk wanda ya taɓa bin sahu a bayan Baffa Tanko ya san tabon nan.

Baffa ɗan farin Hajiya ne. Shekara sittin da ɗoriya ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yi masa magana ido da ido ba. In tana son gaya masa abu, sai ta gaya wa wanda ke kusa, ko bango in ba kowa. Kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, wadda ba ta tsufa.

"Kuka kake yi?" Ɗantani ya tambaya.

"Hayaƙin dalma ne."

Ya ba ni kaset ɗin, da sharaɗin in dawo in duba masa janareta.

* * *

Juma'a na wuni da kaset a aljihu kamar garwashi. Abin da ya kamata mai hankali ya yi a fili yake: ya tafi zauren Baffa, ya danna, ya naɗe hannu. Sau biyu ina kama hanya ina dawowa.

Don in na danna shi a zaure, na wanke kaina, na wanke Aminat, amma na tsiraita tsohuwa 'yar tamanin a gaban ɗan da ta yi shekara sittin tana ɓoye wa wannan abu. Kuma ta san muryarta. Tun ranar farko ta sani, ta zaɓi shiru.

Asabar da hantsi, lokacin da na san Baffa yana kasuwa, na aika wata maƙwabciyarsu, Asibi, ta nema mini iso wurin Hajiya. Aka ce in shigo.

Tana zaune a kan buzu a ƙofar ɗakinta, 'yar ƙarama, carbi a hannu. Aminat na tsaye a bayanta. Na durƙusa daga nesa na gaishe ta.

"Kai ne korarren?" ta ce.

"Ni ne, Hajiya."

"Korarre da shigowa ta tsakar gida. Kai Aminat, wannan naki ba shi da zuciya."

"Ba shi da ita, Hajiya," in ji Aminat. "A wurina take."

"Rufe mini baki, marar kunya."

Na ciro kaset ɗin na ajiye a gefen buzunta. Ta dube shi. Carbin ya tsaya.

"Mene ne wannan?"

"Saƙon Makka ne, na shekarar da Baffa yake can. A rediyon motarsa da ya sayar aka same shi."

"To ni me ya dame ni da shi? Ban yi magana a ciki ba. Kowa shaida ne."

"A gabansa ba ki yi ba."

Tsakar gidan ta yi tsit, sai kaji. Aminat ta dube ni, ta dubi kakarta, na ga abin yana sauka a fuskarta a hankali. Ta dafa bango.

"Hajiya... ke ce?"

Tsohuwar ba ta kalle ta ba.

"Wata uku babu wasiƙarsa," ta ce, kamar da buzun take magana. "Aka ce ana ciwo a can. Uwarki ce ta nuna mini abin dannawa, Allah ya jiƙanta, har ta mutu ba ta faɗa ba. Ya dawo bai ce komai ba, na ce to Allah ya rufa asiri, bai ji ba. Kwatsam ina zaune sai na ji kaina a akwati ana wanke ɗan wasu."

"Kina ji ana ce mini zabiya," in ji Aminat. "Kina ji aka kore shi. Sati guda, Hajiya. Ko ni ba ki gaya wa ba."

"Na ce kwana biyu za a yi a manta."

"Yau za a kawo goro."

"Na sani." Ta ɗago, idanunta sun cika. "Kina tsammani barci nake yi? Kullum in ce gobe zan faɗa, in ya shigo gaishe ni sai harshena ya ƙi. Ke ba ki san abin ba, ku 'yan yanzu da kuke kiran 'ya'yanku kamar kuna kiran akuya."

Aminat ta durƙusa ta kifa kai a cinyarta. Suka yi ta kuka. Ni kuma na ƙura wa wata kaza ido, don ban san inda namiji ke ajiye idonsa a irin wannan wuri ba.

Can Hajiya ta ce, "Kai mai rediyo. Me ya hana ka kai masa? Da yanzu ka gama."

"Ba nawa ba ne, Hajiya. Naki ne. In kin ce a ƙona, a ƙona."

"In na ƙona, ka rasa ta."

"Haka ne."

"Ka yi wani ka ɓoye a shago?"

"Ban yi ba."

Ta daɗe tana kallona.

"Wawa ne," ta gaya wa Aminat. "Amma irin wawan da ake aure." Ta tura kaset ɗin da bakin carbi. "In mutumin zauren nan ya dawo, ki kai masa. Ki ce ya juya bayansa. Ki ce shekara ashirin mutum yana da abu bai taɓa juya shi ba, wannan wane irin malami ne."

"In ce ke kika ce?"

"Ki ce a hanya kika tsinta."

* * *

Bayan azahar aka aiko in zo da rakodata. Wannan karon da batir a ciki, sababbi.

Baffa yana zaure, an shimfiɗa sababbin tabarmi saboda baƙin la'asar. Kaset ɗin yana hannunsa yana jujjuya shi.

"Na yi ta nemansa bayan na sayar da motar," ya ce, bai dube ni ba. "Muryar ƙanina ce a ciki. In na ji ya ce wassalam, sai in mayar da shi farko. Me zan nema a baya? An ce saƙo ya ƙare."

Na saka masa, na nuna masa abin dannawa, na ce zan jira a waje.

"Zauna. In sharri ka haɗa, gara kana nan."

Ya danna.

Da aka yi baiti biyun farko fuskarsa ba ta motsa ba. Da aka zo na uku ya sunkuyar da kai. Da aka ambaci tabon, sai na ga ya ja ƙafarsa ta dama a hankali ya shigar da ita ƙarƙashin riga.

Waƙar ta ƙare. Zaren ya ci gaba da shuuu, bai kashe ba, ni ma ban taɓa ba.

"Ina shekara huɗu na taka murhu," ya ce daga baya. "Goggona ce ta ɗauke ni. Ita Hajiya tana tsaye a bakin ɗaki, ba ta matso ba. Na girma ina cewa ko ba ta gani ba ne."

Ya cire tabarau ya goge da bakin rawani, ya daɗe yana gogewa.

"Ba za a kira mai sabulun nan a ce ya cire ba?"

"Za a iya, Baffa. Na san wanda ya haɗa."

"A cire. Amma ba za a gaya wa kowa mai waƙar ba. Duk wanda ya tambaya, a ce tsohon kaset ne, na ji da kunnena, ba Aminat ba ce. In mutum bai yarda da maganata ba ya zo ya same ni." Ya dubi ƙofar cikin gida. "Ita kuma Hajiya... ba sai an ce mata na ji ba."

Daga bayan ƙofar cikin gida aka yi tari, irin tarin tsofaffi, sannan aka ji takun mutum yana komawa ciki da sauri fiye da shekarunsa.

Baffa ya yi kamar bai ji ba. Ni ma haka.

"Malam Mikail, na zalunce ka. Ka yafe mini."

"Ba komai, Baffa. Furar ma ta yi daɗi."

Ya harare ni, amma gefen bakinsa ya motsa.

"Wa kake da shi a manya?"

"Kawuna Ilu, na Zaitawa."

"Ilu mai ɗinkin hula? Yana nan da ransa? Ka ce masa Juma'a mai zuwa, bayan an sauko. Ya zo da wanda zai riƙa tuna masa abin da ya kawo shi."

Ban san lokacin da na fara godiya ba. Ina cikin ta uku ko ta huɗu muka ji ƙarar motoci sun shigo lungu, har biyu, suna ta hon don yara su kauce, ko da yake ba mai tare hanyar. Aka buɗe ƙofofi. Na ji muryar Alhaji Sabo yana cewa a yi hankali da huhun goron, kar a jiƙa masa shadda.

Na dubi ƙofar zaure, ita kaɗai ce hanyar fita. Na dubi Baffa.

Ya zare kaset ɗin ya sa a aljihun ƙirjinsa, ya mayar da tabarau, ya gyara rawani.

"Me kake jira?" ya ce. "Tashi ka shigo da su. Surukin gida shi ke tarbar baƙi."